Jakar Alhaji Ta Fi Ƙarfin Kafaɗata, Kuma Da Ita Nake Ci Da Gida

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 23. Aikin kadi nake yi a filin wasan golf na garinmu, ina ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna muna zaga fili, tun ina sakandare na fara. Akwai wani Alhaji da ya riƙe ni, duk ranar da zai yi wasa ni yake nema. Gaskiya yana kyautata min, bayan kuɗin aiki yana yi min ihsani, da mahaifina ya rasu ma ya tsaya mana. Matsalar ita ce jakarsa. Irin babbar nan ce ta fata mai igiya ɗaya, aljihunanta cike da kaya, har da takalmi da lema da tsofaffin ƙwallaye. A kafaɗar dama nake rataya ta don da ita na saba. Asabar da Lahadi kuma idan na gama da shi nakan sake ɗaukar wa wani da yamma don in ƙara samu.

Kusan wata huɗu ke nan kafaɗar tana min ciwo. Ciwon ya hau wuya, yanzu ƙugu ma ya fara, har ruku'u yana ba ni wahala wani lokaci. Abin da ya tsorata ni, kwanan nan idan mun yi nisa a fili sai in ji yatsun hannuna sun sage kamar ba nawa ba, sai na ajiye jakar na yarfe hannu kafin su dawo. Ina sayen maganin ciwon jiki a kemis in sha da safe kafin in fita. Wani abokin aikina ya ce in gwada tramol, wai shi da ita yake zagaye biyu ba ya jin komai. Mahaifiyata tana gasa min da ruwan zafi, ta ce in je wanzami ya yi min ƙaho. Ina jin nauyin gaya wa Alhaji, kada ya ga na raina alherinsa ko na zama rago ya ɗauki wani, ga yara da yawa suna jira a bakin ƙofa. Ni ne babba a gida, ƙannena huɗu. Kuma ina da burin wata rana in zama ɗan wasa, don ranar da aka ba mu dama ina bugawa, ana yaba hannuna. Malam, yaya zan yi?

Wani mai ɗaukar jaka

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ka ladan riƙon gida. Maganar ragwanci ka cire ta daga ranka tun yanzu. Wanda ya zaga ramuka 18 da ake zura ƙwallo a cikinsu a ƙafa, wato zagaye ɗaya na wasan, ya yi tafiyar da ta kai kilomita 7 ko 8, ya shafe awa huɗu ko fiye a rana, kai kuma da kaya a kafaɗa kake yin ta, wata rana har sau biyu. Duk wanda ya san filin nan ya san wannan aikin ƙarfi ne.

Daga yatsun zan fara, don su ne suka fi damuna a wasiƙarka. Jijiyoyin da ke kai ji da ƙarfi zuwa hannu daga ƙashin wuya suke fitowa, su bi ta ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta daga gindin maƙogwaro zuwa kafaɗa, su ratsa hammata, su gangara har yatsu. Daidai kan hanyarsu igiyar jaka take zama. Idan nauyi ya yi yawa, igiyar kuma siririya ce, tana danne su tana kuma jan kafaɗa ƙasa, sai hannu ya fara sagewa. Likitoci sun daɗe da sanin wannan a wurin sojoji da masu hawan duwatsu da ke goya kaya masu nauyi. Tunda yatsunka suna dawowa idan ka ajiye jakar, akwai kyakkyawan zato abin bai yi nisa ba. Amma jijiyar da ake ta dannewa kullum takan kai matakin da hannu zai rasa ƙarfi, tsokar kafaɗa ta motse, kuma warkewar irin wannan watanni take ɗauka. Kai da kake burin riƙe sanda a gasa, ba ka da abin da ya fi hannun nan daraja.

Ciwon ƙugun ma daga wurin ya taso. Duk lokacin da ka rataya kaya a dama, kafaɗar takan ɗage sama don kada igiya ta zame, gangar jiki kuma ta karkata hagu don ta daidaita nauyi. A haka kake tafiya awa huɗu, tsokokin gefe ɗaya na wuya da na ƙugu suna aiki babu hutu. Shekaru kana yin haka a gefe guda. Don haka maganin na farko yana cikin jakar kanta: a rage mata nauyi, a raba abin da ya saura tsakanin kafaɗu biyu, a kuma rage lokacin da take a jikinka.

Mu yi lissafi. Irin babbar jakar da ka kwatanta takan kai kilo 4 zuwa 5 babu komai a cikinta, wata ta fata ma ta fi haka, alhali ƙaramar jaka mai ƙafafu da aka yi don masu tafiya a ƙasa ba ta cika wuce kilo 2 zuwa 3 ba. Sanduna 14 kusan kilo 5 zuwa 6 ne. Ƙwallo ɗaya giram 46 ne, ka ga tsofaffin ƙwallaye 30 da suka taru a aljihu sun kusa kilo ɗaya da rabi, alhali ɗan wasan da ya saba da fili da wuya ya ɓatar da fiye da 'yan ƙalilan a zagaye ɗaya. Kowace litar ruwa kilo ɗaya ce. Ka ƙara takalmi, lema, rigar ruwa, tawul biyu, da tarkacen da aka manta da shi tun bara, ba wuya jakar ta haura kilo 15. Mai jaka ba ya sanin wannan, domin daga but ɗin mota zuwa hannunka take zuwa. Lema da rigar ruwa ba su da aikin yi a fili daga Nuwamba har ƙarshen bazara, takalmin canji kuma mota ce wurinsa. Ka ƙirga sandunan ma. Dokar wasan ba ta yarda ɗan wasa ya fita da fiye da 14 ba, a gasar da ake ƙirga bugu ana ci masa tarar bugu biyu a kowane ramin da ya buga da ƙarin sanda, har zuwa bugu huɗu. Idan ka tarar da 15 ko 16, tuna masa ma aikinka ne, zai kuma gode maka. Sai dai kada ka cire ko tsinke daga jakar mutum sai da saninsa, a gabansa za ka yi.

Abu na biyu, kuma wanda nake ganin zai fi kawo maka sauƙi cikin sauri, shi ne igiya mai hannu biyu, irin ta jakar goyo. Ana sayar da ita daban, ana maƙala ta a zobban da ke jikin jaka. Idan ba ka samu ba ko kuɗinta ya yi maka yawa, ka nemi tsohuwar jakar goyo mai ƙarfi a wurin 'yan gwanjo, irin ta matafiya mai igiya mai faɗi da soso a ciki, ka kai wa baduku ko mai ɗinkin jaka ya cire igiyoyin ya haɗa su a tsakiya, ya sa musu ƙugiyoyi masu ƙarfi. Ka ce masa ya ninka ɗinkin, don kaya mai nauyi za ta ɗauka. Amfanin yin haka shi ne igiyar taka ce, kana maƙala ta da safe ka cire ta da yamma, ba ka huda jakar kowa ba, kuma duk wanda za ka ɗaukar wa kana tafe da abarka. Ka duba tukuna ko jakar Alhaji tana da zobban da za su karɓi igiya biyu, domin wasu manyan jakunkuna zobe biyu kawai gare su. Ko da haka ne, canza siririyar igiya da mai faɗi da soso yana rage dannewar sosai.

Samun igiyar rabin aiki ne, saura daidaita ta. Mahaɗar igiyoyin ta zauna tsakanin allunan kafaɗarka. Jakar ta kwanta a gicciye a kan ƙugunka, bakinta inda kawunan sanduna suke ya ɗan fi gindinta tudu don kada su zube. Idan kana tafiya tana dukan ɗuwawunka ko bayan cinya, ta yi ƙasa, ka gajarta igiya. Idan tana tilasta maka sunkuyawa gaba, nan ma ba ta zauna ba. Ka tambayi mahaifiyarka yadda goyo yake: muddin zani ya ɗaure yaro ya manne da baya, uwa tana iya wuni tana aiki, da zarar ya saki yaro ya zazzago, nan take bayanta zai fara ciwo. Igiyar kuma ta hau kan tsokar kafaɗa, kada ta matso jikin wuya, kada ta koma can kan tsinin ƙashi. Abubuwa masu nauyi kamar ƙwallaye da ruwa ka sa su a aljihun da ya fi kusa da jikinka, dogayen sanduna a ɓangaren sama, gajeru a ƙasa.

Kafin igiyar ta samu, gobe ma idan za ka fita, ka daina bai wa dama aikin ita kaɗai. A yanzu da take ciwo, hagu ce za ta ɗauki mafi yawa, idan ta warke sai ka riƙa canzawa a kowane rami. Kwanakin farko za ka ji banbaraƙwai, jakar za ta yi ta zamewa, amma jiki yana sabawa. Ka ninka ƙaramin tawul ka sa a ƙarƙashin igiya. Ka tallabi jakar da hannu don ta manne da kai ta daina lilo. Kuma duk inda aka tsaya, ko na minti ɗaya ne, ka sauke ta. Na san yadda 'yan kadi suke tsayawa da jaka a kafaɗa ana jiran wani ya buga, don a ga a shirye suke. Mintocin nan idan ka tara su a zagaye guda suna da yawa, kuma su ne hutun da jijiyar take buƙata. Da ka ji yatsu sun fara sagewa, a take za ka sauke, kada ka ce bari mu kai ramin gaba.

Ɗagawa da saukewa ma suna cin baya fiye da yadda ake zato. Idan Alhaji yana yin bugu 90 a zagaye, ka ga kana ɗaga jakar nan daga ƙasa sau da dama ƙwarai a yini ɗaya. Yawancin yara sukan sunkuya da miƙaƙƙun ƙafafu, su fizgo igiya, su wurga jakar kafaɗa suna murɗa ƙugu. Sunkuyo da murɗawa a lokaci guda, da kaya a hannu, shi ne abin da ƙashin baya ya fi ƙi. Kai ka fara tsayar da jakar a kan gindinta, ka matso ta jikinka, ka lanƙwasa gwiwa, ka zura kafaɗa cikin igiya, sannan ka miƙe da ƙarfin cinya. Idan za ka juya, ƙafa za ta juya da kai gaba ɗaya. Sannan ka yi wa tafiyar dabara. Idan an iso kusa da rami, ka ajiye jakar a gefen da za a bi zuwa rami na gaba, ka tafi da sandar da ake buƙata kawai a hannu. Inda fili ya ba da dama, ka miƙa masa doguwar sanda ka wuce gaba ka jira inda ƙwallo zai sauka, ka huta kuma ka ga inda ya faɗa. Idan da silifas kake aiki, ka nemi kambas mai kaurin ƙasa ko na gwanjo ne. Ruwa kuma ka riƙa sha tun kafin ƙishi ya kama ka, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke kaiwa digiri 40 a garuruwanmu.

Akwai hanyar da ta fi duk waɗannan, wato keken tura jaka. Irin babbar jakar Alhaji dama ba ta dace da doguwar tafiya a kafaɗa mai ciwo ba. Kulob da yawa suna da kekunan da ake haya, wasu 'yan wasan kuma suna da nasu a gida sun jingine. Idan akwai zaɓi, mai ƙafa uku da ake turawa a gaba ya fi mai ƙafa biyu da ake ja a baya, domin ja yana sa hannu ya koma baya, kafaɗa da ƙugu su murɗe. Idan mai ja ne kawai ya samu, ka riƙa canza hannu. Kada ka ji tsoron keke zai ƙwace maka aiki. Keke ba ya gane inda ƙwallo ya shige a ciyawa, ba ya sanin tazarar da ta rage zuwa rami, ba ya karanta gangaren ƙasa, ba ya sanin sandar da ta dace da hannun Alhaji idan iska ta taso.

Wannan ya kawo mu kan Alhaji. Na karanta abin da ka faɗa a kansa da kyau. Mutumin da ya tsaya muku lokacin rasuwa, wanda yake neman ka da suna duk da yaran da ke bakin ƙofa, ba kafaɗarka kawai yake haya ba. Ya yarda da kai, ya san agogonsa da wayarsa suna cikin amana a hannunka, ya saba da shawararka. Irin wannan sabo ba a samunsa a mako ɗaya, kuma 'yan wasa sun san haka. Abin da ya fi yiwuwa shi ne bai taɓa rataya jakar nan ya yi tafiyar rami ɗaya da ita ba, bai san nauyinta ba. Kunyar da kake ji tarbiyya ce, ban raina ta ba. Amma ka duba ta wancan gefen: idan ka yi shiru har hannu ya ƙi aiki ka ɓace wata uku, sannan ya ji dalili a bakin wani, ransa zai fi ɓaci, zai ce me ya sa yaron nan bai gaya min ba.

Ka zaɓi lokaci. Kada ka yi maganar a wurin fara bugu hankalinsa yana kan ƙwallo, kada kuma ka yi ta gaban abokansa. Ka bari an tashi, kana goge sanduna ko kana sa jaka a mota, ku biyu kawai. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, akwai maganar da nake so in yi, ina jin nauyi. Kafaɗata tana ba ni matsala har hannuna yana sagewa, zan je asibiti a duba. Ina so in ci gaba da yi maka aiki. Idan ka yarda, zan riƙa barin takalmi da lema da sauran ƙwallaye a mota, in sa wa jakar igiya biyu, ko mu riƙa ɗaukar keke." Ka ga ba kuɗi ka roƙa ba, ba ka kuma kushe jakarsa ba, wataƙila yana ji da ita, ko tsaraba ce daga wani wuri. Idan ya tambaye ka me ya fi, ka gaya masa gaskiya: ƙaramar jaka mara nauyi don ranakun wasa na yau da kullum, babbar a bar ta don gasa, a kan keke.

Zai iya yiwuwa ya ƙi, ko ya ce to ya manta. Idan mantuwa ce, ka tuna masa cikin ladabi ranar wasa na gaba kafin a rufe but. Idan ƙi ne ƙarara, to ka san inda ka tsaya, kuma shawarata ita ce kada ka ci gaba da ɗaukar jakar nan yadda take alhali hannunka yana sagewa, ko da hakan zai sa ka koma layi kana jiran duk wanda ya zo. Ka sanar da shugabanku na 'yan kadi halin da kake ciki tun yanzu, don ya san dalili idan ka ƙi wata jaka, ya kuma riƙa haɗa ka da masu keke ko masu ƙaramar jaka na ɗan lokaci. Shi ma yana da nasa matsin, 'yan wasa yake son ya faranta wa, amma babu shugaban da ke son ƙwararren yaronsa ya kwanta. Ina da yaƙinin ba kai kaɗai ke fama ba a cikinku. Idan kuka haɗu ku biyar ko shida kuka yi adashi, kowa zai mallaki igiya mai kyau, kuma roƙon a ƙara kekuna ya fi shiga kunnen shugabannin kulob idan daga bakin ƙungiya ya fito.

Abokinka mai tramol ka yi masa addu'a, ka ja shi da nasiha idan zai ji, amma kada ka bi shi. Cewa da ya yi ba ya jin komai ita ce matsalar. Jakar tana nan da nauyinta, tana yi masa ɓarnar da take yi, shi ne kawai ya daina ji. Tramol dangin magungunan nan ne masu kama jiki, wanda ya saba sai ya riƙa ƙara yawa, idan bai sha ba ya kasa tashi, kuma yawanta yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Samari nawa muka gani a unguwanninmu da suka fara ta don ƙarfin aiki suka ƙare ba aikin ba lafiyar. Maganin kemis da kake sha ma ka tsaya ka duba sunansa. Idan diclofenac ne ko ibuprofen, ko haɗin nan da ake ƙulla wa mutum a leda ba suna, shan su kullum da safe ba abinci a ciki yana jawo gyambon ciki, shan su kuma sannan a shiga rana ana zufa ba isasshen ruwa yana wahalar da ƙoda. Idan ciwo ya matsa maka da dare, paracetamol ya fi sauƙi, shi ma babba ba ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Amma ka daina shan magani don ka samu damar ɗaukar kayan da jikinka ya ƙi.

Mahaifiyarka tana kan hanya a maganar gashi. Ɗumi yana sassauta tsokar da ta ɗaure, ka bar ta ta ci gaba, minti 15 zuwa 20 da tawul mai ɗumi wanda ba zai ƙona fata ba. Ita ma hankalinta yana kwanciya idan tana yi maka wani abu da hannunta. Ƙaho kuwa ba zai ɗage nauyi daga kan jijiya ba, kuma askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba tana iya ɗaukar ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Ka yi mata bayani a hankali, ka gaya mata asibiti za ka fara zuwa. Ka kuma gaya mata gaskiya cewa kuɗin da kake kawowa zai ɗan ragu na wasu makonni, don ta shirya. Uwa ba za ta zaɓi kuɗin cefane a kan hannun ɗanta ba, ɓoye mata ne zai fi yi mata ciwo.

Zuwa asibitin kada ya wuce makon nan ko na sama. Sagewar yatsu tana iya fitowa daga dannewar igiya, tana kuma iya fitowa daga ƙashin wuya, likita ne zai gwada ƙarfin hannunka da jinsa ya bambance. Ka nemi a tura ka sashen fisiyo, wato inda ake gyaran tsoka da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki da gashi. Idan kana kusa da Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya akwai asibitin koyarwa na Shika, a Jos ma akwai na koyarwa, manyan asibitocin jihohi da yawa kuma suna da sashen. Idan za ka je ka nuna musu yadda kake rataya jakar, ka gaya musu duk maganin da ka sha. Akwai alamun da ba a kwana da su: idan abu ya fara suɓucewa daga hannunka, ko sagewar ta daina tafiya bayan ka huta, ko ciwo ya riƙa harbawa daga ƙugu har ƙasan gwiwa ƙafa tana rauni. Idan kuwa ka ji matse-matsinka ya sage, ko fitsari ya ƙi fita, ko ka kasa riƙe fitsari ko bayan gida, a ranar za ka tafi ko da tsakar dare ne. Ciwon baya mai zuwa da zazzaɓi, zufar dare da rama shi ma a gaggauta, don tarin fuka yana kama ƙashin baya. Idan kana da sikila a jininka, ka faɗa tun farko.

A gida kuma akwai abin da za ka riƙa yi na minti goma, ba sai da kayan motsa jiki ba. Ka tsaya ka ja allunan kafaɗarka baya da ƙasa kamar za su haɗu, ka riƙe daƙiƙa 5, ka saki, sau 10. Ka kwanta rigingine a tabarma, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama har jikinka ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ka sauke a hankali. Sai ka durƙusa a kan gwiwa da tafin hannu, ka miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya ba tare da ƙugu ya karkace ba, ka riƙe kaɗan, ka canza. Waɗannan suna ƙarfafa tsokokin da ke riƙe ƙashin baya da kafaɗa. Duk motsin da ya tayar maka da sagewa ko ciwo mai harbawa ka bar shi sai likitan fisiyo ya gani. Da safe kafin ka taɓa jaka ka ɗan yi tafiya, ka juya kafaɗu, jiki ya yi ɗumi. Da dare ka guji kwanciya a kan kafaɗar dama, ka kwanta a hagu da matashi tsakanin gwiwoyi. Kwanciya wuni guda kuwa ba ta warkar da irin wannan ciwon baya, motsi a hankali ya fi.

Saura maganar da ta fi ɗaci, wato zagaye na biyu. Ka ajiye shi na aƙalla wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi, ko har likita ya ce ka koma, kuma kada ka yarda a haɗa maka jaka biyu a lokaci guda ko nawa za a ba ka. Na san da kuɗin yamman nan ake sayen wani abu a gidanku, ban ɗauke shi wasa ba. Ka tambayi shugabanku ko akwai aikin da ba na ɗauka ba da za ka riƙa yi da yamma, kamar tsintar ƙwallaye a wurin atisaye, wanke sanduna, ko tsayawa gaba kana duba wa 'yan wasa inda ƙwallo ya sauka. Burinka na zama ɗan wasa kuma ba mafarkin banza ba ne. Da yawa daga ƙwararrun 'yan golf na Najeriya da ɗaukar jaka suka fara, kuma Seve Ballesteros na Sifaniya, wanda ya ci manyan gasannin duniya har biyar, yana yaro kadi ne a filin ƙauyensu. Shi ma ciwon baya ya dame shi ƙwarai a ƙarshen shekarun wasansa. Bugun golf kansa murɗa ƙugu ne da ƙarfi, don haka ka rage bugawa da dogayen sanduna har ciwon ya lafa, ka mayar da hankali kan gajeren bugu na kusa da rami, wanda dama a nan ake cin wasa.

A makon nan ka yi magana da Alhaji, ka je a duba hannun, ka kai wa baduku igiya. Idan ka ga likita ka sake rubuto min abin da ya ce da yadda kuka yi da Alhaji, sai mu duba abin da ya rage. Ka gaishe min da Mama. Allah ya ba ka lafiya.